Sati biyar ina yi wa shanuna allurar bitamin amma nonon ya ƙi dawowa

Wani ɗan'uwa ne ya turo wannan, na ɗan taƙaita shi:

"Assalamu alaikum Malam. Ni da yayana muka haɗa jari muka sayi shanun nono guda 8, jinsin Firiziyan da ruwa-biyu, 6 ana tatsa 2 kuma sun tsufa da ciki mun daina tatsarsu. Tunda zafin nan ya shigo komai ya rikice, wadda take ba ni lita 18 ta koma 11, abinci sai su shinshina su bari, wuni suke a tsaye suna haki miyau na dalala. Wani ya ce min bitamin suka rasa, to sati biyar kenan duk sati ina yi musu allurar AD3E da ta bi-kwamfiles, har wuyan ɗaya ya kumbura, nono kuwa shiru. Yanzu yayana cewa yake zubar da kuɗi kawai nake, maganar ma ta fara shiga tsakaninmu. Dan Allah wane bitamin ne ya fi ƙarfi da zai dawo min da nonon?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Sannu da ƙoƙari, wallahi na ji maka, don wanda bai taɓa tsayawa da bokiti a hannu yana kallon nono yana raguwa kullum ba alhali abincin da yake saye bai ragu ba, ba zai gane irin wannan damuwar ba, balle kuma kuɗin ba naka kaɗai ba ne akwai haƙƙin ɗan'uwa a ciki.

Toh amma gaskiya zan faɗa maka, babu wannan bitamin ɗin da kake nema. Ba wai yana wani waje ne mai tsada da baka kai gare shi ba, a'a, babu shi ne kwata-kwata. Shanunka zafi ne ya yi musu yawa a jiki, kuma ba a taɓa yin allurar da take fitar da zafi daga jikin saniya ba. Bitamin yana da nashi gurbin, zan zo kanshi kuma zan daɗe a kai tunda shi ka tambaya, sai dai shi ne na ƙarshe a layi kai kuma ka fara da shi.

Kafin komai ka ajiye sirinjin nan daga yau. Bitamin A da D da E a mai suke narkewa, jiki ba ya zubar da rararsu a fitsari kamar yadda yake yi da dangin B, taruwa suke yi, A a hanta yake zama har na watanni, shi kuma D in ya yi yawa sai ya riƙa ɗaga sinadarin kalsiyam a jini ya je yana kwanciya a ƙoda da jijiyoyi. Allurar AD3E, wato haɗin waɗannan ukun, ba abin sati-sati ba ce, ka duba takardar jikin kwalbar za ka ga tazarar da suka rubuta. Sannan akwai shanun da jikinsu ke ƙin ta nan take su kama rawar jiki su faɗi. Ga kuma kamun kanshi, a bi saniya da igiya a danne ta a soka mata allura cikin wannan zafin, ai ƙara mata wuta aka yi. Wadda wuyanta ya kumbura kuma kar ka tsaga da kanka, ka kira likitan dabbobi ya taɓa ya gani ko man allurar ne bai baje ba ko kuwa mugunya ce ta taru.

Bari in nuna maka abin da ke faruwa a cikin saniyar, in ka gane shi sauran maganar za ta zo maka da sauƙi. Saniyar nono tamkar murhu ce mai tafiya. Tumbinta cike yake da ƙananan halittu masu narkar da ciyawa, wannan aikin kanshi zafi yake fitarwa, haɗa nono ma zafi yake fitarwa, shi ya sa wadda ta fi ba da nono ita ta fi shan wuya, na tabbata mai lita 18 ɗin nan ita ta fara haki kafin sauran. Firiziyan asalinta ƙasar sanyi ce, jin daɗinta tsakanin digiri 5 zuwa 25 yake, kuma ba ta da yawan gumi kamar shanu masu tozo. Masana suna da wani ma'auni da ke haɗa zafi da laimar iska, suna ce masa THI, da can ana cewa matsala daga 72 take farawa, daga baya binciken da aka yi a Jami'ar Arizona ta Amurka ya nuna shanu masu nono da yawa tun daga 68 suke fara raguwa, kuma 68 ɗin nan digiri 22 ne kacal in laima ta kai kashi 50. Kaga kenan ranar da ta kai 35 ko 40 ba a ma magana.

To idan zafin ya fi ƙarfinta me za ta yi? Sai ta rage ci da gangan don ta rage wutar cikinta. Ta ƙi kwanciya saboda a tsaye iska ta fi bugun jikinta. Ta daina tuƙa sosai. Jini ya bar hanji da hantsa ya koma fata. Kuma abin da yawancin masu kiwo basu sani ba, ƙin cin abincin nan kusan rabin raguwar nonon kawai yake jawowa, ɗaya rabin jikin ne da kanshi yake karkatar da sukarin da ya kamata ya tafi hantsa ya ƙone shi a wani wajen. Wannan ne dalilin da ko ka yi mata allurar buɗe ciki ta ɗan ci, nonon ba zai cika ba muddin jikin na nan da zafi.

Gobe in Allah ya kaimu ka yi wannan aikin, ba ya cin ko sisi. Wajen ƙarfe biyu zuwa uku na rana ka tsaya gefen kowace saniya ka zuba ido a kan haƙarƙarinta ta baya, ka ƙirga sau nawa yake ɗagawa a daƙiƙa 30 sai ka ninka biyu. Mai lafiya a sanyi ba ta wuce 50 a minti. In ta haura 60 zafi ya fara cinta, 80 abin ya yi tsanani, in kuwa ta wuce 100 baki buɗe harshe waje wuya a miƙe, wannan ba ta jira ba ce, ka jiƙa ta a take. Sannan ka samu ma'aunin zafi ka sa a duburarta, daidai shi ne wajen 38 zuwa 39.3. Ka auna da rana ka kuma auna da asuba, na asubar nan shi ya fi min muhimmanci. Wadda ta kwana ta tashi har yanzu tana sama da 39.5 alhali 'yan uwanta sun sauka, kar ka ɗora wa rana laifi, zazzaɓi ne, ko ciwon hantsa ko cutar da kaska ke sawa ko wani abu, likita za ka kira ya ɗebi jini. Na taɓa ganin inda aka yi kwana huɗu ana watsa wa saniya ruwa ana cewa zafi ne, da na buɗe fatar idonta fari fat babu jini, ashe kaska ce ta gama da ita.

Yanzu abin da zai dawo da nonon. Ruwa tukuna. Nono kanshi kashi 87 cikin ɗari ruwa ne, kuma saniyar da ake tatsa a irin wannan yanayi tana iya shan sama da lita 100 a yini. Ba ruwan da za a kawo safe da yamma ba, ruwan da yake gabanta ko da yaushe har tsakar dare, a inuwa, a komi mai faɗi yadda babbar ba za ta tare ƙananan ba. Ka sa hannunka a ciki da azahar, in ka ji shi ɗumi kamar na wanka ko ka ga koren gansakuka a gefe to kai ma ka san dalilin da suke tsayawa a kai basa sha. Da an gama tatsa su tarar da ruwa, lokacin suka fi zuƙa.

Sai inuwa da jiƙawa. Kowace saniya tana son inuwar da ta kai murabba'in mita 4, rufin ya yi sama, gefe a buɗe iska na ratsawa, don rumfar kwano mai ƙasa-ƙasa wani lokacin ta fi filin rana azaba. Jiƙawa kuma akwai yadda ake yinta. Ba feshi mai kamar hazo ba wanda zai tsaya a saman gashi, wannan rufe zafin ma yake yi. Ruwa za ka zuba mata a gadon baya da wuya da kafaɗu har ya ratsa gashi ya taɓa fata, sai ka bari iska ko fanka ta busar, in ta bushe ka sake. Bushewar ce take tafiya da zafin, don haka ruwa ba iska rabin aiki ne. Ka kula kar ya riƙa gangarawa kan hantsa kuma kar makwancinsu ya zama caɓi, in ba haka ba ka gudu daga zafi ka faɗa ciwon hantsa. Da dare in da hali ka fitar da su fili, saniyar da ta samu ta huce da dare tana iya jure rana mai zafi gobe.

Abinci kuma ka juya lokacin, kaso mafi yawa da yamma lis da kuma asuba, da rana ɗan kaɗan. Ka ba su ciyawar da ta fi laushi da kyau a cikin abin da kake da shi, mai kaushi ta fi haifar da zafi a tumbi. Kuma dan Allah kar ka ce tunda sun ƙi ciyawa bari ka ƙara musu dusa da hatsi, nan ne mutane da yawa suke kashe kansu. Miyan nan da kake gani yana dalala a ƙasa shi ne maganin tsamin tumbi da Allah ya hore mata, cike yake da sinadarin bikabonet, tana haki tana zubar da shi, ba ta tuƙa balle ta haɗiye, wani kuma yana fita ta fitsari. In ka ƙara hatsi a kan wannan tumbin zai yi tsami, ta fara zawo, bayan wasu makonni ka ga tana ɗingishi kofato ya lalace.

Wannan ya kawo mu kan abin da ya fi bitamin amfani a zafi kuma ya fi shi araha, wato gishiri-gishirin jiki. Bekin soda na abinci, wajen giram 7 zuwa 8 a kowane kilo na busasshen abinci (wato nauyin abincin in an cire ruwan da ke cikinsa), saniyar da ke cin kilo 15 kenan za ta samu ɗan sama da giram 100 a yini, a cakuɗa cikin abinci a fara da kaɗan. Gishirin lasa ya zauna a gabansu. Sannan gumin saniya ba irin namu ba ne, namu gishiri ya fi yawa a ciki, nata fotasiyam ne, shi ya sa masu haɗa abincin zafi suke kai fotasiyam wajen kashi 1.5 cikin ɗari na busasshen abinci, su ɗaga maganiziyam zuwa wajen 0.35 saboda yawan fotasiyam yana hana jiki ɗaukarsa. Wannan lissafin ka bar wa likita ko mai haɗa abinci. Amma ka riƙe wannan da kyau, na shanun da ake tatsa ne kawai. Biyun nan masu tsohon ciki kar ka ba su soda ko ƙarin fotasiyam, musamman a makonni ukun ƙarshe, yana jawo saniya ta haihu ta kasa tashi saboda kalsiyam ya faɗi a jininta.

Toh ga bitamin ɗin. Wanda ya ce maka sun rasa bitamin bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Saniyar da ta rage ci ai komai na cikin abincin ya ragu mata har da bitamin, kuma zafi yana sa jiki ya ƙone masu kare ƙwayoyin halitta da sauri. Waɗanda suka cancanci kuɗinka su ne E da A, tare da sinadarin seleniyam da yake aiki kafaɗa da kafaɗa da E. Ɗanyar ciyawa kore shar tana cike da su, amma da ta bushe ta daɗe a ajiye yawancinsu sun tafi, don haka in shanunka busasshe suke ci watanni to lallai suna buƙata. Aikinsu ba sanyaya jiki ba ne, garkuwa ce, suna rage ciwon hantsa, suna rage maƙalewar mabiyiya bayan haihuwa, suna taimakon ɗaukar ciki. Ƙa'idar da majalisar bincike ta Amurka wato NRC ta fitar a 2001 ta ce a kowane kilo na nauyin saniya a ba ta IU 110 na A (IU ma'aunin ƙarfin bitamin ne), da 30 na D, da 0.8 na E in ana tatsarta, 1.6 in ta tsufa da ciki. Saniya mai kilo 500 kenan A 55,000 a yini, E kuma 400, mai ciki 800. Seleniyam miligiram 0.3 a kilon busasshen abinci, kuma shi wannan tsakanin amfaninsa da gubarsa ba nisa, kar ka haɗa na allura da na gari da na dutsen lasa lokaci ɗaya.

Hanyar ba su ita ce garin firimis na shanun nono, wato garin haɗin bitamin da sinadarai, a cikin abinci kullum, kaɗan-kaɗan yadda aka rubuta a buhu. Ka duba ranar da aka yi shi, ka ajiye a inuwa a rufe bakin, don bitamin A ba ya son zafi da haske da danshi, buhun da ya yi watanni a ɗaki mai zafi sunan kawai ya rage a jiki. D kuwa shanun da ke ganin rana fatarsu na haɗa musu, shi ne ƙarshen abin da zan damu da shi a wajenka.

Bi-kwamfiles, wato haɗin dangin bitamin B, da kake saye duk sati, halittun tumbin nan suna ƙera dangin B da K da kansu kyauta, B12 ma suna yi in dai akwai kobal a abinci, firimis mai kyau yana da shi. Allurar tana da amfani ga saniyar da ciwo ya kwantar tumbinta ya tsaya, ba garke guda ba. Bitamin C ma hantarta ke haɗa shi, gaskiya ne yana raguwa a jini lokacin zafi, amma wanda za ka zuba a ruwa ko abinci tumbi ne zai lalata mafi yawansa kafin ya isa ko'ina.

Ɗaya daga cikin waɗanda aka gwada takanas saboda zafi shi ne niyasin, B3 kenan, don yana buɗe jijiyoyin fata jini ya kawo zafi waje gumi ya ƙaru. A Arizona sun ba shanu giram 12 a yini na wanda aka lulluɓe yadda tumbi ba zai cinye shi ba, zafin jikin ya sauka amma bai kai ko rabin digiri ba, nono kuwa wani gwajin ya ɗan motsa wani ko gezau. Wanda ba a lulluɓe ba kusan duka a tumbi yake ƙarewa. Ni a ganina wannan na wanda ya gama gyara ruwa da inuwa da fanka ne yana neman ɗan ƙari, kai ba ka kai nan ba tukuna. Bayotin kuma, shi ma ɗan dangin B ne, giram ba ya kaiwa, miligiram 20 a yini, don ƙarfin kofato, yana da kyau ga shanun da suke wuni a tsaye amma sai an yi watanni ana ba su kafin a ga bambanci.

Masu cikin nan biyu su ne na fi ji, don na san halinmu, tunda basa kawo nono sai a tura su can gefe inda inuwar ba ta kai ba. A watanni biyun ƙarshen cikin nan ne hantsa take sake gina kanta. Jami'ar Florida ta yi shekaru tana bin wannan, sun ga saniyar da ta sha zafi a ƙarshen ciki tana haihuwa kafin lokaci da 'yan kwanaki, ɗan maraƙin ya zo ƙarami, nonon ta kuma ya ragu da litoci a kowace rana har ƙarshen tatsar, 'yar da ta haifa ma in ta girma ba ta kai sa'o'inta nono. Su ka fara ba inuwa mafi kyau, su ne kuma suka fi cancantar bitamin E da seleniyam ɗin.

Kar in sa maka rai fiye da kima. In ka yi waɗannan, hakin zai sauka cikin kwana ɗaya ko biyu, ci ya biyo baya, nono ya fara hawa a sati ɗaya zuwa biyu. Amma wadda ta daɗe da haihuwa mai yiwuwa ba za ta koma 18 ba sai ta sake haihuwa, kuma za ka iya ganin basa nuna neman barbara ko a yi musu ya ƙi kamawa har wajen wata biyu bayan zafin ya wuce, wannan ma aikin zafin ne, kar wani ya sake sayar maka da kwalba a kai.

Maganar yayanka. A kan allurar dai yana da gaskiya, kuma ba abin kunya ba ne ka same shi ka ce Yaya na bincika, ashe ba nan matsalar take ba, ka yi haƙuri. Kai ma ba wasa ka yi da dukiyar ba, ganin dabba tana wahala ne ya sa ka rasa inda za ka kama, ina ganin shi ma ya san haka, tsoron asara ne yake magana da bakinsa. Kar ka je masa da wani sabon abin saye. Ka ja shi wajen shanun da azahar ku ƙirga numfashin tare, ku jiƙa guda biyu ku bar sauran, bayan awa ɗaya ku sake ƙirgawa ya gani da idonsa, daga nan ku yanke tare ko kuɗin allurar sati mai zuwa komin ruwa zai saya ko ɗaga rumfa.

Ka samu ɗan littafi ka riƙa rubuta numfashi da zafin asuba da litar kowace saniya. Bayan kwana goma ka turo min, tare da abin da aka rubuta a jikin buhun firimis ɗin da ka samu da irin abincin da kake ba su, sai mu duba ko akwai abin ƙarawa. Allah ya ba su lafiya, ya daidaita tsakaninka da yayanka.